Ɗigon Jan Farce

Wata huɗu tanderun nan yana lulluɓe
da tsohuwar atamfa, kamar mai zazzaɓi.
Ni da Fusaina muka ɗauko shi a Aboabo,
na hannu ne, ya sha gishirin teku kafin Tema,
rubutun jikinsa kuwa
malamin boko ya duba, ya ce sai dai a gwada.

Ita ta gwada.
Ni ina Kejetiya ina auna wa mutane ƙusa,
in dawo in tarar ƙamshi ya riga ni ƙofar gida.
Shekara shida ina ci,
ban taɓa tambayar wace wuta ce ba.

Ranar wata Talata Sahadatu ta ce,
Baba, burodin Mama.
Shekarunta tara. Ba ta ƙara kalma ba.

Na yaye atamfar.
Gefen kowace alama akwai ɗigon jan farce,
wani ɗaya, wani biyu, wani kamar wutsiyar waw.
Ta rubuta wa kanta allo,
ba ta san ni zan biya ba.

Na murɗa inda zanen ya yi haƙoran zarto,
don shi ya fi kama da aiki.
Sama ta yi baƙi ƙirin, ciki ɗanyen ƙulli,
hayaƙi ya kira mini maƙwabta.
Mama Sarwa ta leƙo ta katanga tana tari:
Alhaji, haƙoran nan na karfasa ne!
Na tsire ne, na agadar da ta nuna,
abin da ke son wuta ta lashe shi ta wuce.
Burodi ba ya son a tsaya masa a ka.

To. Wanda ya ƙona fulawarsa
shi ya san nawa ake sayar da buhu.

Sati na biyu na gane layin sama da na ƙasa,
wuta biyu masu haƙuri,
ɗaya na tallafe, ɗaya na rufawa.
Nan ƙulli ke tashi a hankali
kamar cikin mai barci,
nan kek ba ya tsagewa.
Layin ƙasa shi kaɗai
na fanken nama ne mai jiƙaƙƙen gindi,
wannan ma sai da na zubar da tire guda.

Fanka kuwa ba ta da ɗan gata.
Tire uku na gyaɗa, sama da ƙasa duk ɗaya,
cinyoyin kaza da dankali,
ta zaga kowa, ta busar, ta yi sauri.
Sai ka rage mata zafi, in ba haka ba
ta yi maka irin ta direban tirotiro.
Ranar da suka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi
na ƙarasa zabuwa a kurfoti,
Sahadatu na haska mini da waya,
tana dariyar da na manta sautinta.

Saura alama ɗaya, can ƙarshen zagaye.
Ɗigonta ya kusa gogewa,
yatsa ya cinye shi.
Na sa kifi, awa guda bai ko yi gumi ba.
Na sa ƙulli, ya kumbura bai gasu ba.
Na ce wannan ta lalace tun a jirgi.

Yarinyar tana wanke kofi, ba ta juyo ba.
Ta ce, ba ta dafa komai, Baba.
Nan take ajiye maka tuwo
in ka yi dare a shago.

Na tsaya da hannuna a kan maɓallin.
Ana kiran isha'i daga Asawase.
Ɗumi ne kawai ke fitowa,
daidai na tafin hannu.